Ƙafa Tasu Ce, Wa Zai Rubuta Labarin Zango?

 Yau za mu ɗan jingine zancen jigo da salo da zubi, mu leƙa filin makarantar firamare, domin akwai wani aiki a can da yake jiran masu alƙalami.

Akwai wata dabara da wasu makarantun firamare suke yi a Amurka. Malami zai manna taswirar ƙasar a bango, ya ja layi daga gaɓar teku ta gabas zuwa ta yamma, a ce daga New York zuwa Los Angeles, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 4,500 a mota. Kullum sai yara su fito su zagaya filin makaranta, mai gudu ya yi gudu, mai takawa ya taka. A ƙirga zagayen kowa, a haɗa, a mayar da shi kilomita, sannan a matsar da wata 'yar alama a kan taswirar gwargwadon abin da aka samu. Ranar da alamar ta iso wani gari, sai a tsaya a karanta labarin garin, su wane ne mutanensa, me suke nomawa, wane kogi ne ya ratsa shi. Ba yaron da ya fita daga harabar makaranta, amma kafin shekara ta ƙare ajin ya ratsa ƙasar daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Mun san abin da wasu za su ce tun kafin mu rufe baki, kuma suna da gaskiyarsu. Za su ce wannan ai wasan 'ya'yan masu ƙoshi ne. Yaron da ya taso daga Unguwar Romi ko Nasarawa ko Kudenda ya tako da ƙafa zuwa makaranta, bayan ya ɗebo ruwa, in an tashi kuma ya tako ya koma, wataƙila da farantin talla yana jiransa, shi ne za a ce ya zagaya fili don ya motsa jiki? Turawa suna da dalilinsu. A ƙasar Sikotilan, a wata firamare da ke garin Stirling, wata shugabar makaranta mai suna Elaine Wyllie ta fara fito da yara gudun minti 15 a kullum a shekarar 2012, bayan ta lura ba sa iya zagaya filin makarantar ba tare da sun yi haki ba. Shirin, wanda aka sa wa suna Daily Mile, ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ya kamata yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana. Yawancin yaran firamaren gwamnati a unguwanninmu sun cika wannan sa'a kafin a buga ƙararrawar shiga aji.

Sai dai ko a nan ɗin ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ku zagaya Barnawa da Narayi da Sabon Tasha ku ga yawan makarantun kuɗi da aka buɗe a cikin gidan haya, ɗaki huɗu da falo, tsakar gidan an malale shi da siminti, ko wurin buga langa babu. A keke-napep ake kawo yaron, a keke-napep ake mayar da shi, ya dawo gida ya rungumi wayar mamansa. Wannan kam maganar Turawan ta hau kansa daidai. Amma mu ba saboda shi kaɗai muke kawo wannan magana ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a dabarar shi ne taswirar da ke bango, da garuruwan da ake sauka.

Ku tuna yadda hanyoyin da suka fita daga kudancin garin Kaduna suka kasance a 'yan shekarun nan. In ka bi ta Gonin Gora ka kama hanyar Abuja, a nan ne 'yan bindiga suka shiga Jami'ar Greenfield a watan Afrilun 2021, suka kwashi ɗalibai, suka kashe wasu. In ka bi ta Sabon Tasha ka nufi Kachiya, kafin ka yi nisa za ka wuce yankin Kujama, inda aka sace ɗalibai sama da ɗari daga makarantar sakandaren Bethel Baptist a watan Yulin wannan shekarar. Jirgin ƙasan da mutane suka koma wa don gudun hanya, shi ma an tare shi ranar 28 ga Maris 2022. A watan Maris na 2024 kuma aka kwashi yara a Kuriga, cikin ƙaramar hukumar Chikun, har da 'yan firamare. Ko da an ce yanzu an samu sauƙi a wasu hanyoyin, wane hedimasta ne zai ɗauki yara hamsin a bas ya ce za su je yawon buɗe ido Kagoro? Wace uwa ce za ta sa hannu a takardar? Ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin fetur a 2023, har zuwa ƙauye hutun ƙarshen shekara ya gagari gidaje da yawa. Yaro yana jin iyayensa suna cewa su 'yan Zonkwa ne ko 'yan Funtuwa ne, shi kuwa iyakar saninsa da duniya daga bakin layinsu zuwa kasuwar unguwa.

Akwai kuma wata hanyar da ba ɗan bindiga ne ya rufe ta ba. Tun bayan rikicin watan Fabrairun 2000, da wanda ya biyo baya a Nuwamban 2002, kogin Kaduna ya koma kamar iyakar ƙasa. Kiristoci suka tattara suka dawo kudu, Musulmi suka haura arewa, in ban da 'yan unguwanni irin su Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da har yanzu ake samun cuɗanya. Mu da muke cikin shekarunmu na ashirin a cikin wannan rabuwa muka buɗe ido. Manyanmu suna ba da labarin zamanin da masaƙun Kakuri suke aiki, jiniya ta yi kuka, Bahaushe da Bajju da Inyamuri da Tibi su fito ta ƙofa ɗaya su hau keke, mu kuwa kangon masaƙun muka tarar. Yanzu akwai yaro ɗan shekara goma a Television da bai taɓa sa ƙafa a Tudun Wada ba, akwai takwaransa a Rigasa da bai taɓa ganin Sabon Tasha ba, kuma kowannensu yana da labarin da aka ba shi game da mutanen ɗaya tsallaken. Tsakaninsu bai wuce tafiyar rabin awa a mota ba.

Kada a fahimce mu a baibai. Taswira ba hanya ba ce, kuma zagayen fili ba zai sauke wa hukuma nauyin tsare rayukan matafiya ba. Ranar da yaran nan za su iya shiga mota su je su ga ruwan Matsirga da idonsu, ranar muke fata. Amma yaron da yake aji huɗu bana ba zai tsaya yana aji huɗu ba har hanya ta gyaru. Girma zai yi, kuma da abin da aka zuba masa a kai zai girma.

To, yaya za a yi abin a makarantar da ba ta da kwamfuta, ba ta da intanet, wani ajin ma benci bai wadata ba? Ba a buƙatar ko ɗaya daga ciki. Ana buƙatar igiya, da tef ɗin tela, da kwali, da marfin kwalba. Tef ɗin tela santimita 150 ne. A auna igiya mai mita 10 da shi, a ba yara su auna kewayen filinsu da kansu, wannan ma darasin lissafi ne guda. A ce kewayen ya ba da mita 250, kenan zagaye huɗu kilomita ɗaya. Duk wanda ya kammala zagaye sai ya ɗauki marfin kwalba ɗaya ya jefa a gwangwani. In an gama, a zazzage a ƙirga. Taswirar kuwa malami zai iya zana ta a bayan kwalin indomi ko tsohuwar kalanda, a soka ƙusa ko ƙaya a matsayin alama. Makarantar da ba ta da fili, sai ta nemi aron harabar coci ko filin masallacin idi ko layin da mota ba ta cika bi ba.

Da muka zauna muka buga lissafin, sai muka ci karo da wata matsala mai ban dariya, wadda yawan yaranmu ya haifar. Ajin Bature bai wuce yara ashirin da wani abu ba. Namu kuwa a ce sittin, wani wurin ma sun fi. Yara 60, kowa kilomita ɗaya, sau uku a mako, ya ba da kilomita 180 a mako ɗaya. Daga Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne, zuwa Kano kimanin 230. Kenan ranar Litinin an tashi, kafin Laraba an wuce Zariya ba a ko sha ruwa ba, mako na biyu an shige Kano. Wannan gudun ya yi yawa, ba abin da yaro zai gani a hanya. Maganinsa shi ne a raba jimillar gida goma. Kilomita 180 ta koma 18 a mako. Da wannan tafiyar, ayari zai kai Zariya a mako na biyar, ya shiga Kano a mako na goma sha uku, wato daidai ƙarshen zangon karatu ɗaya. Ga rabawa an koya, ga tarawa an koya, ba wanda ya ce wa yaro lissafi ake yi.

Mun ce ayari, kuma da gangan muka faɗa. Kakanninmu fatake da suke tafiya Gwanja sayo goro, tafiyar watanni a ƙafa da jakuna, suna da tsarinsu: ga madugu, ga jagaba mai shigewa gaba ya duba hanya da masauki, ga uban dawaki, ga malamin ayari mai riƙe da alƙalami. Duk inda suka sauka kuma sunansa zango, kalmar da har yau take kan unguwanni daga Kumasi zuwa Zangon Kataf, ita ce kuma muke kiran kashin shekarar karatu da ita. Sai a raba wa yara waɗannan muƙamai, ana juyawa duk mako. Abin da ya fi muhimmanci a tsarin ayari shi ne tare ake tashi, tare ake sauka. Hausa ta sa wa tseren dogon zango suna gudun yada-ƙanin-wani, kuma sunan ya faɗi gaskiyar abin, domin a cikinsa mai ƙarfi ne yake wucewa ya bar ƙarami a baya. An yi irinsa a garin nan a Nuwamban 2020, an sha kallo, an tafa wa waɗanda suka zo na ɗaya. Wannan na 'yan wasa ne. A namu ba na ɗaya ba na ƙarshe. Marfin kwalbar wanda ya ruga da na wanda ya taka a hankali nauyinsu ɗaya a cikin gwangwani. Yarinya mai dogon hijabi ta taka abinta, yaron da shan-inna ya taɓa ya zagaya a kekensa, wanda ba ya jin daɗi ranar ya zauna a inuwa ya zama mai ƙirga.

Nan ne wurin da ya kamata a yi hattara sosai. A kusan kowace makaranta akwai masu ciwon sikila, kuma rana da ƙishirwa da gajiya suna tayar musu da ciwo. Akwai masu asma, waɗanda ƙurar hunturu take shaƙewa. Akwai wanda ya fito gida bai karya ba. Gwamnatin jihar ta taɓa fara ciyar da 'yan firamare a farkon 2016, aka ga yadda azuzuwa suka cika maƙil, wanda ya isa ya nuna mana yawan yaran da yunwa take hanawa zuwa. Saboda haka da sanyin safiya za a yi, minti goma sha biyar ya isa, a watan Maris da Afrilu a rage, lokacin azumi a koma tafiya zalla ko a yada zango. Kuma don Allah kada malami ya mayar da zagayen horo ga wanda ya makara. Yaran da suka saba da tsallen kwaɗo da kamun kunne sun riga sun ɗauka duk abin da ya shafi gumi a makaranta hukunci ne. Ranar da aka ce wa yaro je ka zagaya fili sau biyar tunda ba ka yi aikin gida ba, ranar ayarin ya watse.

Duk wannan aikin malami ne, kuma malami mai himma zai iya. Yanzu mu zo kan namu.

Alama ta iso Jaji. Yara sun zauna suna haki, sun zuba wa malama ido. Me za ta karanta musu? Ta ɗauko littafin da ke hannunta, in ma akwai, da Turanci yake, kuma ba Jaji a ciki. Ta buɗe waya, in tana da data, abin da za ta samu ko dai labarin hatsarin mota ko na sojoji, an rubuta shi don manya. A nan dabarar take mutuwa in ba a yi tanadi ba, ta koma zagayen fili kawai da ƙirgar marfin kwalba, bayan mako uku kowa ya gaji. Abin da zai riƙe yaro shi ne ɗokin jin abin da ke gari na gaba. Ana buƙatar shafi ɗaya a kan kowane zango, kalma ɗari uku zuwa ɗari huɗu, da Hausar da ɗan shekara tara zai ji, wadda malama za ta karanta cikin minti biyar. Daga Kakuri zuwa Kano, zango goma sha uku, shafi goma sha uku. Wa zai rubuta su?

Labarin tafiya ba baƙo ba ne a adabinmu. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya faɗa hannun masu bauta, ya samu 'yanci, ya bi Bature Barth har Ingila a 1855, yana matashi ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, aka rubuta. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jarida, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano yana da Motsi Ya Fi Zama. Ko ƙagaggun labaran farko da aka buga bayan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, duk a kan hanya aka gina su, daga wannan gari zuwa wancan. Yau kuwa in ka duba labaran da suka fi yawo a WhatsApp da Wattpad, tauraro yakan tashi daga Maitama ya sauka a Dubai, washegari yana Landan, mai karatu bai ga komai ba sai falo da mota da sunan turare. Kasuwa ce ta so haka, ba mu ce a daina ba. Amma marubucin da zai iya sa ka ji sanyin falon Dubai, ai ya kamata a ce zai iya sa yaro ya ji ƙamshin citta tana bushewa a bakin titin Kachiya.

Sai mu san wanda muke rubuta wa. Aji ɗaya a firamaren gwamnati a Kakuri ko Unguwar Romi, za ka samu Bagwari, wanda kakanninsa ne aka tarar a wurin tun kafin Turawa su dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru, ga Bajju, ga Atyap, ga Ham, ga Adara, ga Bayarabe da Inyamuri, ga Bahaushe da Bafulatani. Hausa ce take haɗa yawancinsu a filin wasa da kasuwa, da yawansu kuma da ita ake musu wa'azi ranar Lahadi, domin tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Marubucin Hausa ya saba in ya ɗauki biro yana ganin mai karatunsa Bahaushe ne Musulmi, har ya riƙa cewa "mu" da "su" ba tare da ya lura ba. A wannan aikin dole wannan sabon ya kau. Kalmomin nan da aka gada ana kiran wasu ƙabilu da su, waɗanda masu su suke jin zafinsu, ba su da wuri a shafin. A kira kowa da sunan da yake kiran kansa. In an iso Wusasa, a ba da labarin tsohuwar cocin da aka gina da ginin ƙasa irin na Hausa, a faɗa cewa a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, da irin girmamawar da za a ba da labarin masallacin Juma'a na cikin birnin Zazzau. Yarinyar da ake kira Blessing da wadda ake kira Bilkisu benci ɗaya suke, shafi ɗaya za a karanta musu.

Shi ya sa muke ganin makarantun kudancin kogi su fara da tafiyar arewa, na arewacin kogi su fara da ta kudu, kowa ya nufi inda aka fi tsorata shi da shi. Ayarin Kakuri, zangonsa na farko tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ke nan kusa da su, inda layin dogon da ya taso daga Fatakwal yake haɗuwa da na Legas zuwa Kano. Daga nan a hau gada. A tsaya a tsakiyarta a yi zancen kogin, da kadojin da ake cewa daga su garin ya samo suna. A wuce filin wasa na Ahmadu Bello, a leƙa Gamji a ga 'yar gadar ƙarfen Lugga da aka kwaso daga Zungeru, a bi ta Kawo da Mararrabar Jos. A Zariya akwai abin rubutawa har a rasa na zaɓa: ganuwa da ƙofofi, dutsen Kufena, Sarauniya Amina, jami'ar da aka buɗe a 1962, da Tudun Wadan Zariya inda Kamfanin Gaskiya yake, a garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kura da rini da shinkafa, sannan Kano, a hau Dala, a shiga Kurmi, a leƙa karofin Ƙofar Mata.

Ayarin da zai yi kudu kuwa, a ganinmu shi ya fi buƙatar marubuci, domin an fi ƙarancin rubutu da Hausa a kan wannan hanya. Daga Sabon Tasha a wuce matatar mai da aka buɗe a 1980, a bi Kujama da Kasuwar Magani da Kajuru mai duwatsu. A Kachiya a tsaya a kan citta, wadda yankin ya fi ko'ina noma ta a Nijeriya, har ana fita da ita ƙasashen waje, a kuma faɗa wa yara cewa a daminar 2023 wata cuta ta faɗa mata ta karya manoma da yawa, ko sa gane dalilin da ya sa shayin gidansu ya rage yaji. Daga nan Kwoi, ƙasar Ham, da ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a 1928, daga baya bincike ya nuna irinsu sun haura shekara dubu biyu, kuma yau sunan wannan ƙauye yana cikin gidajen tarihi na duniya. Yara nawa ne a Rigasa suka san wannan a jiharsu yake? Sai Kafanchan da mahaɗar jiragenta, da ruwan Matsirga, da dutsen Kagoro inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairun kowace shekara.

Akwai tambaya mai wuya da duk wanda ya ɗauki wannan aiki zai haɗu da ita. Wasu garuruwan nan an zubar da jini a cikinsu, kuma ba da daɗewa ba. Kasuwar Magani ta ga rikici a Oktoban 2018. Kujama mun riga mun ambata. A cikin ajin ma wataƙila akwai yaron da danginsa suka gudo daga can. Me za a rubuta? In aka tsallake garin kamar babu shi, yara sun riga sun ji sunansa a gida, za su gane ana ɓoye musu wani abu. In aka zayyana abin da ya faru dalla-dalla, an tayar da abin da ake so a kwantar, an kuma bar malama da wutar da ba za ta iya kashewa ba. Ra'ayinmu shi ne a faɗa a jimla ɗaya ko biyu cewa garin ya sha wahalar faɗa, mutane sun rasa 'yan uwansu ta kowane ɓangare, sannan a ba sauran shafin ga ranar kasuwa, da abin da ake kawowa, da yaran garin da su ma suke zuwa makaranta da safe. Yaro ya tashi da sanin cewa akwai masu sayar da doya da masu gyaran babur a can, ba sunan rikici kaɗai ba. Wani zai iya ganin akasin haka, kuma muna so a yi wannan muhawarar kafin a fara rubutu.

Sharaɗi na gaba shi ne gaskiya. Wannan ba ƙagaggen labari ba ne da za a cike giɓi da hasashe. Abin da malama ta karanta wa ɗan aji huɗu yakan zauna masa har tsufa, in ƙarya ce ma haka za ta zauna. Duk shekarar da za a sa, a tabbatar da ita daga littafi, Arewa House tana nan a garin nan cike da su. Duk wanda zai rubuta gari, ya nemi ɗan garin ya karanta masa kafin ya fitar. Direbobin tashar Television da ta Kawo ma malamai ne a wannan fanni, sun san inda ake sayar da mangwaro mai kyau, da inda hanya take hawa dutse, da yaren da za ka fara ji in ka wuce wane ƙauye. A bar dogayen jimloli da kalmomin burge tsara. Kada a rufe shafin da wa'azi, yara sun ƙoshi da shi. A rufe da abin da zai sa su so fitowa fili jibi, misali a ce musu a gari na gaba akwai ruwan da yake faɗowa daga kan dutse, tsayinsa ya fi gidan bene.

Ga mai koyon rubutu ma akwai riba. Shafi ɗaya ga ɗan shekara tara ya fi babi goma na soyayya wahala, domin ba inda za ka ɓuya. In jimla ta yi tsawo, za ka ga idon yaro ya koma taga. Wanda ya iya riƙe yara sittin masu gumi na minti biyar da labarin Kwanar Dangora, ya samu horon da ba kowane taron bita ne zai ba shi ba.

Hanya biyu muka zana, kowacce kimanin zango goma sha uku, jimilla shafi ashirin da shida. A wannan zaure mun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Kowa ya ɗauki gari ɗaya, zai fi kyau wanda ya taɓa kwana a cikinsa, ya rubuto cikin mako biyu, mu karanta wa juna mu gyara. In sun kammala sai a buga su a takarda, a kai wa malamai biyu ko uku da muka sani a Kakuri da Sabon Tasha da Tudun Wada su gwada a zangon karatu mai zuwa. Zariya da Kano mun san za a yi rububinsu, saboda haka masu sanin Kajuru da Kufana da Kwoi su fara ɗaga hannu.